Dutsen da Ya Rage

Na taso daga Bauchi da buhu goma na siminti,
da lissafin bulo a bayan wata takarda.
Na ce kwana bakwai sun isa
in toshe ɓarakar gidan kakana a gindin Mbula,
in koma bakin aikina.

Gwani Zakka ya dubi buhunan, ya furzar da goro.
Ya ce, "Jikar Barde, kai waɗannan inuwa.
Dutse ba ya son a ɗaure masa ƙugu.
Kakanki da laka ya lallashe su,
shi ya sa suka raka shi kabari suna tsaye."

Katangar gabas ta turo ciki
kamar akuya mai wata huɗu.
Jinka ta daɗe a cikin gara,
ƙadangaru sun raba gadon ɗakuna ba alƙali.
Turken jaki na nan, igiyar ce babu.
Rumbun acca ya durƙusa a kan ƙafa biyu,
sauran sun bi ruwan wata shekara zuwa rafi.

Muka sauke katangar, ɗaya bayan ɗaya.
Yana yi wa kowane dutse alama da gawayi,
yana juya shi a hannu kamar mai tayin doya.
Kowanne da fuskarsa, in ji shi, kowanne da ƙeya.
Wanda ka kife wa fuska
sai ya haɗiye fushi shekara talatin,
sannan wata rana ya ture maƙwabcinsa.
Manya a ƙasa. Mai faɗi ya kwanta a kan biyu.
'Yan tsakuwar nan da nake shurewa kuwa,
su ke hana manya rawa.

Na ce, don me ƙofar ta gajarce haka,
ta kuma ba gabas baya?
Ya ce in jira hadarin fari.

A sahu na biyar, ƙarƙashin taga,
muka tarar da busasshiyar laka mai shatin hannu:
ɗan tafi, yatsu biyar, ƙaramin a karkace.
Na san yatsan nan.
Shi na kama ranar da aka kai ni makaranta,
shi na riƙe bara a asibiti har ya yi sanyi.
Babana bai taɓa cewa ya taɓa gini ba.
Cewa yake ƙauye bai ba shi komai ba sai kaushi.

Gwani bai tanka ba.
Ya yanko lakar da wuƙa a hankali,
kamar mai ɗago waina daga tanda,
ya jingine ta a inuwa, har sahun ya sake zuwa,
ya mayar da ita mazauninta.

Kwana bakwai suka haifi wata uku.
Aka kawo shuci daga Baraza a ka,
Saraya da 'yan'uwanta suka jiƙa makuba,
suka daɓe ƙasa har ta ɗauki ƙyallin hanta.
Rumbu ya miƙe da sababbin ƙafafu.
Simintina ya sha laima, ya daskare a buhu,
ya zama dutsen da ba shi da kaka.
Kaji ke kwana a kai.

Hadari ya taso ta gabas ranar wata Talata.
Ya daki bayan gidan, ya daka, ya gaji.
Muna ciki, ko tsinke bai jiƙe ba.
Ban sake tambaya ba.

Amma dutse ɗaya ya rage,
baƙi, mai santsi, ga alamar gawayi a jikinsa,
an duba katanga kaf, ba a ga gurbinsa ba.
Na ce ko mun yi kuskure?
Gwani ya ce kowane gida da wanda ya tafi birni.

Na mirgina shi bakin ƙofa.
A kansa nake zama da yamma ina tsince acca,
motar Bauchi tana wucewa can ƙasa,
tana yi mini ham.